Ƙiba ce ko kumburi? Muhawara kan kuɗin da ake zubawa a ƙirƙirarriyar basira

Malam Habu: Assalamu alaikum jama'ar gida. Akwai wani lissafi da ya hana ni sakat, na ce bari in kawo shi nan ko wani zai warware mini. A Satumban 2025 kamfanin Nvidia ya ce a shirye yake ya zuba har dala biliyan 100 a OpenAI, masu ChatGPT. To me OpenAI za su yi da kuɗin? Manyan rumbunan kwamfuta za a gina, kuma abin da za a cika su da shi cif-cif ɗin Nvidia ne, wato ƙananan ƙwaƙwalen da ke yin lissafin. A watan dai aka ji labarin yarjejeniyar OpenAI da Oracle ta kusan dala biliyan 300, ta hayar ƙarfin kwamfuta. Shi Oracle a wurin wa yake sayen cif? Nvidia. Ana shiga Oktoba sai ga AMD, kishiyar Nvidia, ya ba OpenAI damar mallakar har kusan kashi 10 cikin 100 na hannun jarinsa, muddin za su sayi kayansa.

Duk inda na kama zaren na bi, sai in tarar ya dawo inda ya taso. Na daɗe ina faɗa wa ɗalibaina cewa a kowane ciniki ka nemi mutumin ƙarshe, wanda ya zaro kuɗi daga aljihunsa ya biya don yana bukatar abin. A nan ina mutumin ƙarshen yake? Masu biyan dala 20 a wata ne za su cike wannan ramin? Tambayata ke nan: wannan girman da masana'antar ƙirƙirarriyar basira take yi, ƙiba ce ko kumburi?

Alhaji Na-Kwari: Wa alaikumus salam Malam. Ni ban san cif ba, amma wannan cinikin na san shi, don mu ma muna yi. Ka kama wa yaro shago, ka zuba masa kaya bashi, ka rubuta a littafi cewa ka yi ciniki. In yaron ya sayar, ku biyu kun ci riba. In bai sayar ba, dila tana can tana shan ƙura, littafinka kuwa yana nuna kai attajiri ne. Ranar da masaƙa ta aiko neman kuɗinta ake sanin gaskiya. Ba laifi ba ne, amma mu ba ma kiransa ciniki sai kuɗi ya dawo hannu.

Auta: Haba Malam, ku dattawa kullum sai kun hango mana faɗuwa. Sam Altman, shugaban OpenAI, da bakinsa ya ce a Oktoban 2025 mutum miliyan 800 ke shiga ChatGPT a kowane mako. Abin da ya fito ranar 30 ga Nuwamban 2022 fa! Wane kumburi ne ke tara mutum miliyan 800? Ni da shi nake karatu, da shi nake gyara rubutuna, har lissafin kuɗin makaranta.

Malam Habu: Auta, nawa ka taɓa biyansu?

Auta: To... na kyauta nake amfani da shi, Malam.

Malam Habu: Allah ya yi maka albarka, ka amsa mini rabin tambayar.

Injiniya Sadiya: Malam, ka kama Auta, amma ni ba za ka kama ni da sauƙi ba. Zan fara da inda na yarda da kai. Wannan sana'ar ta saɓa da sauran sana'o'in manhaja da muka sani. Da, in ka rubuta manhaja sau ɗaya, ko mutum miliyan ne suka ɗauka kusan babu wani ƙarin kuɗi da za ka kashe. Yanzu kowace tambaya da Auta ya jefa, akwai cif da ya yi zafi a wani rumbu, akwai wutar da aka sha. Shi ya sa a Janairun 2025 Altman ya fito ya ce asara suke yi a kan tsarinsu na dala 200 a wata, saboda masu biya suna amfani da shi fiye da yadda aka zata. Ka ji fa, mafi tsadar hajarsu.

Amma mutumin ƙarshen da kake nema ba Auta ba ne. Kamfanoni ne. Mu masu rubuta manhaja, aikin da kan ci mini yini biyu yanzu nakan gama shi kafin la'asar, kuma wurin aikinmu biya suke yi kowane wata ba tare da an roƙe su ba, don sun ga albashin da suka tsira da shi. Bankuna, kamfanonin inshora, masu amsa kiran abokan ciniki, lauyoyi masu tace takardu, su ne kasuwar. Su Auta ana tara su ne don gobe: ko a nuna musu talla, ko a saukar da farashi har ya zo daidai aljihunsu. Ai ka ga a Agustan 2025 sun fitar da wani tsari mai araha a Indiya, rupi 399 a wata, bai kai dala biyar ba.

Sannan ka bambanta masu ginin. Microsoft ya ce zai kashe dala biliyan 80 a shekarar kuɗinsa ta 2025 kan rumbuna. Wannan ba bashi ya ciwo ba, ribar da yake samu daga sauran hajojinsa ce. Haka Google, haka Amazon, haka Meta. Wanda ke gini da ribarsa daban, wanda ke gini da alkawari daban.

Malam Habu: Injiniya, na gode, kin kawo magana mai nauyi. Na karɓi bambancin nan na ƙarshe, kuma a kansa zan tsaya. Su huɗun nan in abin ya ƙi, za su yi ramar shekara biyu su murmure. Wanda nake ji wa shi ne wanda ya rattaba hannu kan alkawuran ɗaruruwan biliyoyi alhali kuɗin da ke shigo masa a shekara bai kama ƙafarsu ba, da wanda ya ci bashi ya gina masa rumbu.

Kuma an taɓa yin irin wannan. A Maris na 2000 Cisco, mai ƙera na'urorin da intanet ke bi ta cikinsu, ya zama kamfani mafi daraja a duniya. Hujjar da ake kawowa a lokacin gaskiya ce tsantsa: intanet zai mamaye duniya. Ya kuwa mamaye. Amma hannun jarin Cisco ya zube da fiye da kashi 80 cikin 100, ya kuma shafe sama da shekara 20 bai koma inda yake ba. Lucent da Nortel kuwa, masu ƙera kayan sadarwa, suna ba abokan cinikinsu rance don su sayi kayansu, daidai abin da Alhaji ya kwatanta. Da yaran suka kasa biya, iyayen gidan ne suka kwana a ciki. Nortel ya durƙushe a 2009. Abu yana iya zama mai amfani na gaske, kuma wanda ya zuba kuɗi a kansa ya tashi a tutar babu. Biyun ba sa karo da juna.

Ɗan Agadas: Sannunku da muhawara. Ni abin ya tuna mini da Jado, a arewacin Nijar. A 2014 da aka ga zinariya a can, ba wanda bai tafi ba, har da masu sayar da raƙumansu su sayi na'urar gano ƙarfe. Wasu sun samu, ba ƙarya. Amma mafi yawa sun dawo da ƙura a gashi. Waɗanda na ga sun gina gidaje a Agadas su ne masu motar da ke kai mutane, da masu kai ruwa da man fetur, da masu ba da hayar na'ura. Ko ka samu ko ba ka samu ba, ruwa dai sai ka sha. Wannan Nvidia da kuke ta ambata, ba shi ne mai tankar ruwa ba?

Injiniya Sadiya: Shi ne kuwa, Yaya. Kuma ruwan nasa da tsada: a cikin kowace dala 100 da ya yi ciniki, sama da 70 ke saura bayan an cire kuɗin ƙera kayan. A Mayun 2023 darajarsa ta kai dala tiriliyan ɗaya, a Yulin 2025 ta kai huɗu, kafin ƙarshen Oktoba ta taɓa biyar. Abin da mutane ba su cika lura da shi ba, ba cif ɗin kaɗai ke riƙe masa kasuwa ba. Akwai wata manhaja tasa mai suna CUDA da shugabansa Jensen Huang ya dage a kanta tun wajen 2006, lokacin da kowa ke ganin kamfanin na masu wasan kwamfuta ne kawai. Kusan duk wanda ya koyi wannan aikin a kanta ya koya. Ka ce ka sauya cif, sai ka sake rubuta kayan aikinka, ka sake horar da ma'aikatanka.

Amma shi ma mai tankar ba shi da rijiya. Nvidia zane yake yi, TSMC na Taiwan ne ke ƙera masa. Shi ma TSMC injin da yake zana mafi ƙanƙantar layuka da shi, kamfani ɗaya ne tak a duniya ke yin sa, ASML na ƙasar Holan.

Alhaji Na-Kwari: Ikon Allah. Ashe kowa da ubangidansa.

Auta: To ai ni DeepSeek ne ya burge ni, kamfanin nan na China da ya yi kishiyar ChatGPT. 'Yan China sun yi da dala miliyan shida abin da Amurkawa ke kashe biliyoyi a kai. Wannan bai nuna duk kuɗin nan ɓarna ba ne? Kun ga na koma ɓangaren Malam.

Injiniya Sadiya: Ƙanena, ka koma ɓangaren Malam da hujjar da Malam ba zai karɓa ba. Dala miliyan 5.6 ɗin nan da kowa ya haddace, kuɗin zagayen horo na ƙarshe ne na samfurinsu V3, wato manhajar da ake horarwa da ɗimbin rubutu har ta iya amsa tambaya, kuma su da kansu sun rubuta cewa ban da binciken da ya gabata da gwaje-gwajen da aka yi. Kamar ka ce ka yi bikin aure da kuɗin goron ɗaurin aure ne, ka manta da lefe da kayan ɗaki. Liang Wenfeng, mai kamfanin, yana da kamfanin hada-hadar hannun jari mai suna High-Flyer a Hangzhou, kuma ya daɗe yana tara cif ɗin Nvidia tun kafin a rufe ƙofa.

Duk da haka ba ƙaramin aiki suka yi ba. Amurka ta hana sayar wa China manyan cif tun Oktoban 2022. Nvidia ya ƙera musu wani mai rauni, H800, shi ma aka hana shi bayan shekara guda. Da kusan guda 2,000 na wannan mai raunin suka horar da V3. Rashi ya koya musu tattali. Da suka saki sabon samfurinsu R1 ranar 20 ga Janairun 2025, kuma suka bar shi a buɗe kowa ya sauke, sai kasuwa ta firgita. Ranar 27 ga watan hannun jarin Nvidia ya faɗi da kusan kashi 17 cikin 100, darajar kusan dala biliyan 600 ta narke a yini ɗaya. Abin dariyar, kwana shida kafin nan Trump ya tsaya a fadar White House da Altman da Larry Ellison na Oracle da Masayoshi Son na SoftBank suna shelar Stargate, shirin gina rumbuna na dala biliyan 500.

Malam Habu: Kuma a daidai lokacin ne Satya Nadella na Microsoft ya jawo sunan Jevons, wani masanin tattalin arziki na Ingila da ya lura tun 1865 cewa da injuna suka rage cin gawayi, sai gawayin da ƙasar ke ƙonawa ya ƙaru, don kowa ya samu halin sayen inji. Ma'ana in abin ya yi araha, amfani da shi zai ninka. Ban musa ba. Mun gani a gida. Da wayar salula ta zo a 2001, layi kaɗai sai mai hali, kuma ko daƙiƙa biyar ka yi kuɗin minti guda za a cire. Glo ya shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa, farashi ya karye, har mai tallan gyaɗa ta riƙe waya. Amma ku lura, abin da Jevons ya yi alkawari shi ne za a ƙona gawayi da yawa. Bai ce mai injin zai ci riba ba. Ɗan Agadas ya riga ya faɗa mana wanda ke gina gida.

Darasin DeepSeek a wurina shi ne: abin da ka kashe biliyoyi ka gina, bayan 'yan watanni wani zai kawo mai kama da shi ya raba kyauta. Wace irin haja ce wannan, da ba ta kwana a shago ba tare da ta rage daraja ba?

Alhaji Na-Kwari: Atamfar yayi ke nan. Ranar da ta fito kowa na rububi, bayan sati uku an kwaikwayo ta an cika kasuwa. Mai wayo ba ya dogara da zane ɗaya, yana dogara da cewa mutane sun saba da ƙofar shagonsa. To amma Injiniya, ki fahimtar da ni wani abu. Mutum ya kashe dukiya ya yi abu, sannan ya raba kyauta? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Mene ne a ƙasa?

Injiniya Sadiya: Alhaji, ranka ya daɗe, ai ka faɗi amsar da kanka: ƙofar shago. Meta ya fara sakin samfurinsa Llama kyauta a 2023. Shugabansa Zuckerberg ba samfuri yake sayarwa ba, talla yake sayarwa a Facebook da Instagram. In samfuri ya zama kamar ruwan famfo, wanda ya dogara da sayar da shi ne zai ji jiki, shi kuwa ko a jikinsa. Ka dubi wayarka, tun 2024 akwai wani zagaye mai launin shuɗi a WhatsApp, Meta AI. Ba ka nema ba, ba ka sauke ba, ka wayi gari ka gan shi. Wannan ita ce dabarar. Google ma haka, yana da Android da Gmail da akwatin bincike, sai ya cusa samfurinsa Gemini a cikinsu. In kana son sanin darajar ƙofa, a shari'ar da gwamnatin Amurka ta yi da Google an bayyana cewa a 2022 kaɗai ya biya Apple dala biliyan 20 don dai ya zama shi ne mai bincike na farko a wayoyinsu.

Su kuma masu rumbuna sun raba ƙafa. Microsoft ya fara sa dala biliyan ɗaya a OpenAI tun 2019, ya ƙara har ya kai wajen 13, kuma bayan sake fasalin kamfanin a Oktoban 2025 ya tashi da kusan kashi 27 cikin 100. Amazon ya zuba biliyan 8 a Anthropic, masu Claude, Google ma ya sa nasa a can duk da yana da Gemini. Kaso mai yawa na irin wannan kuɗin yana komawa wurin mai bayarwa a matsayin kuɗin haya. Don haka Malam bai yi ƙarya ba, zagayen ya daɗe, girmansa ne ya ƙaru.

Mai Lantarki: Tun ɗazu nake karatu ina jiran wani ya taɓo inda abin zai cije, ba wanda ya taɓo. Wuta. Kuna ta biliyan kaza, tiriliyan kaza, amma kuɗi ba ya kunna cif. Yarjejeniyar Nvidia da OpenAI da Malam ya buɗe da ita, gigawat 10 aka ambata, wato megawat 10,000. Abin da layin wutar Najeriya gaba ɗaya ke rabawa a yawancin ranaku yana tsakanin megawat 4,000 da 5,000 ne. Kamfani ɗaya yana neman ninki biyu na abin da mutum sama da miliyan 200 ke rabawa.

A Satumban 2024 Microsoft ya ƙulla yarjejeniyar shekara 20 don a sake tayar da wani sashe na tashar nukiliya ta Three Mile Island, wadda aka rufe a 2019, a wurin da aka yi hatsarin nan na 1979 a ɗaya sashen. Megawat 835. Kainji ɗinmu da muke alfahari da shi 760 aka gina shi ya bayar. Elon Musk kuwa da ya kafa cif 100,000 a Memphis bai tsaya jiran layi ba, injunan gas ya girke, har mazauna unguwar suka yi ta ƙorafin hayaƙi. Hukumar makamashi ta duniya ta ƙiyasta cewa rumbunan bayanai sun sha kusan kashi 1.5 cikin 100 na wutar duniya a 2024, kuma tana sa ran abin zai ninka kafin 2030.

Cif ana iya ƙera shi a watanni. Tashar wuta da layin dakon ta da taransifoma shekaru suke ci. Mu da muka san aikin, in muka ji an ce gigawat 10 sai mu tambaya: daga wace tasha, ta wane layi?

Auta: Wato su ma janareta suke tayarwa kamar mu!

Mai Lantarki: Sosai. Bambancin kawai, nasu ba maƙwabci ne ke zuwa roƙon cajin waya ba.

Malam Habu: Injiniyan wuta ya tuna mini da abin da ya fi damuna, na kusa mantawa. Masu kare wannan kashe kuɗin sukan ce ko da kumburi ne, zai bar mana gado, kamar yadda haukan shekarar 2000 ya bar wayoyin gilashi masu ɗaukar intanet a ƙarƙashin ƙasa da teku waɗanda muke mora har yau. To wayar gilashi tana shekaru da dama a binne tana aiki. Cif kuwa, su kansu kamfanonin a littattafansu shekara biyar zuwa shida suke ba shi, kuma kusan kowace shekara Nvidia na fito da sabon da ya fi shi. Wannan ba gona ba ce da za a bar wa jikoki. Ya fi kama da tumatir, dole ka sayar kafin ya ruɓe.

Injiniya Sadiya: Tumatir ya yi yawa, Malam, a ce dai mota. Tsohon cif ba ya mutuwa, ana mayar da shi ƙananan ayyuka, kamar yadda motar gida ke komawa haya. Kuma ginin da layin wutar da na'urorin sanyaya wuri suna nan. Amma na yarda lissafin ya dogara da shekarun nan. In shida ne, akwai riba. In uku ne, wasu littattafan za su sha gyara.

Anti Rabi: Ku yi haƙuri in karkatar da akalar kaɗan. Ni aikin fassara nake yi, kuma duk wannan lissafin na waɗanda ke sama ne. Akwai na ƙasa. A Janairun 2023 mujallar Time ta ba da rahoton ma'aikata a Kenya, ƙarƙashin wani kamfani mai suna Sama, da aka sa su karanta munanan rubuce-rubuce suna yi musu alama don a tsabtace ChatGPT, a kan ƙasa da dala biyu a awa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sannan rubutun da aka ciyar da injunan nan, na mutane ne. Jaridar New York Times ta kai OpenAI da Microsoft kotu a Disamban 2023. A Satumban 2025 Anthropic ya amince ya biya marubuta dala biliyan 1.5, kusan dala 3,000 kan kowane littafi. Waɗannan suna da lauyoyi. Marubuciyar da ke Kano ko Damagaram da ta shekara tana zuba labari a intanet, wa zai tsaya mata?

Ni kaina wani kamfani ya taɓa ba ni aikin gyara jimlolin Hausa da inji ya fassara, ana biya kan kowace jimla. Na yi wata biyu, na lissafa kuɗin data da na wuta, na ga aikin banza nake yi. Abin da ya fi ci mini rai, na san gyaran da nake yi shi ne zai sa gobe a ce ba a bukatata.

Auta: Anti, amma ai Hausar tasu ta gyaru sosai yanzu.

Anti Rabi: Ta gyaru, ban ƙi ba. Google ya sa Hausa a fassararsa tun 2013, kuma tsakanin wancan lokacin da yau akwai tazara. Amma gyaruwar daga sama ta faɗo? Mu ne. Kuma har yau in na ba wata manhajar karin magana, sai ta fassara mini shi kalma-kalma kamar ɗan koyo, ko ta ƙago wanda kakata ba ta taɓa ji ba ta ce na Hausawa ne.

Injiniya Sadiya: Anti, maganarki ce ta sa ni nake goyon bayan buɗaɗɗun samfura, ko mene ne nufin masu sakin su. Ba mu da gigawat, ba mu da biliyan, ba za mu gina namu daga tushe ba, kuma duk wanda ya ce za mu yi a yanzu yana yi mana daɗin baki ne. Abin da za mu iya shi ne mu ɗauki wanda aka saki, Llama ko Qwen na Alibaba ko DeepSeek, mu ƙara masa harshenmu. N-ATLAS da gwamnatin Najeriya ta ƙaddamar a 2025 tare da kamfanin Awarri, mai Hausa da Yarbanci da Ibo, a kan Llama aka ɗora shi. Strive Masiyiwa kuma ya sanar a Maris na 2025 cewa kamfaninsa Cassava zai girke cif ɗin Nvidia a Afirka ta Kudu don masu bincike su yi haya a nahiyar. Abin da muke da shi wanda ba su da shi, shi ne muryoyi da rubutun mutanenmu. In za a bayar, a bayar da ciniki, ba a kan kuɗin jimla ba.

Ɗan Agadas: To amma in mai rabon kyautar ya wayi gari ya ce ya daina fa?

Injiniya Sadiya: Wanda ka riga ka sauke yana hannunka, ba mai ƙwace shi. Sabo ne ba za ka samu ba. Kuma tsoron naka yana da tushe. A Yunin 2025 Meta ya sa dala biliyan 14.3 ya sayi kashi 49 cikin 100 na Scale AI, mai tace bayanan horar da samfura, ya ɗauko shugabansa Alexandr Wang ya ba shi sabon sashe, kuma tun daga nan Zuckerberg ya fara cewa ba komai ne za su riƙa saki ba. Yanzu 'yan China ne suka fi kowa sakin nasu, su ma don suna neman duniya ta saba da ƙofarsu ne.

Alhaji Na-Kwari: Ni dai na fahimci abu ɗaya, har gwamnati ta shiga dillanci. Ɗana ya karanta mini cewa a Agustan 2025 an bar Nvidia ya sayar wa China wani cif bisa sharaɗin ya ba gwamnatin Amurka kashi 15 cikin 100 na cinikin. Mu a kasuwa la'ada muke kiran wannan.

Malam Habu: La'ada ce, Alhaji, ba ta da wani suna. Injiniya Sadiya, bari in faɗi inda kika motsa ni da inda ba ki motsa ni ba. Na shigo ina ganin babu mutumin ƙarshe. Kin nuna mini akwai shi, kamfanoni ne, kuma suna biya. Na janye wannan. Abin da ban janye ba, yawan abin da suke biya bai kai a gina masa gigawat 10 a kan alkawari ba, kuma mai rabon kyauta yana tsaye a bakin ƙofa yana karya farashi. Ni abin da zan riƙa dubawa ba darajar Nvidia ba ce. Zan duba ranar da masu rumbuna suka koma cin bashi fiye da ribarsu, da ranar da ɗaya daga cikin manyan masu haya ya nemi a sassauta masa wa'adin biya.

Injiniya Sadiya: Na farkon ai an fara, Malam, Oracle da Meta duk sun fita neman rancen biliyoyi a 2025. Na biyun ne ban gani ba tukuna. Ni kuma abin da nake dubawa shi ne ko wurin aikinmu zai sabunta biyansa a shekara mai zuwa, ko za a ce mu koma kan buɗaɗɗen samfuri mu girke a injinmu. An riga an fara wannan maganar a ofis, kuma akantanmu yana ɓangarenka.

Auta: To ni yanzu in biya dala 20 ɗin ko in bari?

Alhaji Na-Kwari: Wa zai ba ka? Ka ci gaba da shan na kyauta tun suna faɗa a junansu, ka gama makarantar tukuna.